Sunan Yayar Dalila

Litinin, 9 ga Maris, 6:50 na safe

Ta tafi da babbar jakar, ta bar ƙaramar a bayan ƙofa. Tun da na idar da sallah nake zaune ina kallon ƙaramar, ban taɓa ta ba. Yemima ta turo saƙo cewa yarinyar tana wajenta a East Greensboro, kada in damu. Shekara ashirin muna tare da Yemima, tun muna baƙi a garin nan, ta fi kowa sanin cewa idan aka ce kada in damu aikin yi aka ba ni.

Kwana ashirin da ɗaya ya rage jirginta ya tashi. Japan za ta, koyar da Turanci a makarantar yara, shekara biyu. 'Yata ce ta fari, yayar Dalila, kuma jiya ta bar gidana ba ta yi mini sallama ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru wajen buɗe-baki ba. Ban yi komai ba sai abin da ake yi.

Litinin, 12:35 na rana

Hutun rana ne, ina cikin mota a bayan asibiti tunda ba abin da zan ci. Da safe ina tayar da mota sai waƙa ta tashi. Faifanta ne ta bari a ciki, wanda malamarsu ta Japananci ta haɗa musu. Piyano a hankali, sai muryoyin yara da yawa, maza a ƙasa, mata a sama. Na kashe, don da azumi a bakina. Kafin in fita daga McLeansville na sake kunnawa. Allah Ya yafe mini.

Wata biyu ke nan tana damuna da waƙoƙin nan duk ranar da na rage mata hanya. Ta ce a can cikin Maris ake gama makaranta, daidai lokacin da itatuwa ke fitar da fure, shi ya sa waƙoƙinsu na rabuwa ba sa wuce fure da ƙofar makaranta da tashar jirgin ƙasa. Na ce mata mutanen da ke kuka don an gama aji shida ba su ga komai ba tukuna. Ranar ta yi dariya har tana buga kujera.

Talata, 10 ga Maris, 5:15 na yamma

Babansu ya kira daga hanyar Memphis, sai Juma'a zai dawo da babbar motar. Ya ce, "Mamana ta kira ni." Haka yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Ya tambaye ni ko na buɗe ambulan da ta ajiye a ƙarƙashin fulas ɗin kunu. Na ce ban gan shi ba. Na gan shi tun Lahadi.

Yanzu na buɗe. Gayyata ce daga Malama Ishida ta jami'arsu. Asabar 28 ga wata, ƙarfe biyu, za a yi wa ɗalibai uku masu tafiya Japan bikin sallama irin na can. Wai a ƙasarsu ana kiran sunan kowane ɗalibi, ya miƙe ya amsa, sannan duka aji su yi waƙa. Ita a nata ajin ba ita ke kira ba, wani daga gida ne ke tashi ya kira. Akwai layin da aka ce a rubuta wanda zai kira. Da hannunta ta rubuta: Suwaiba Bello, mahaifiya.

Ta sani sarai. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Shekara ashirin da uku ban taɓa furta shi ba. Takardun makaranta babansu ke cikewa, a wajen likita nakan miƙa kati. A gida in ce "ke", a gaban mutane in ce "yayar Dalila". Innata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba, kuma shi ne ya sa ta a kabari yana kuka kamar yaro. Ba wanda ya taɓa cewa ba ta son sa.

Laraba, 11 ga Maris, 6:40 na safe

Ba ta kira ba.

Laraba, 4:20 na yamma

Yau na ƙirga. Suna arba'in da uku na kira a ɗakin jira, tun daga ƙarfe bakwai har na tashi. Aikina ke nan, in buɗe ƙofa da takarda a hannu, in kira mutum, ya biyo ni in ɗebi jininsa. Tsoho Mista Gregory ya zo, ya sake faɗin abin da yake faɗi duk wata, wai na fi matarsa iya kiran sunansa. Kullum nakan yi masa dariya. Yau allurar ce ta kuskure jijiya, sai da na sake soka masa. Ya ce ba komai, ni ce dai na ga komai.

Alhamis, 12 ga Maris, 1:00 na rana

Yemima ta zo har wajen aiki, ta shigo motata ta zauna ba ta tambaya ba. Faifan yana ci, ban samu na kashe ba. Ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Suwaiba, yarinyar nan in ta shiga wanka sai ta saki shawa ta yi ta kuka. Tana tsammani ba na ji."

Na ce azumi ne, yana sa mutum rauni.

"Bar wannan. Mu ma a Pankshin mamana ba ta kiran sunan babban yayanmu. Amma shi a Pankshin ya tashi, duk abokansa haka ake musu, ya san ma'anar abin. Ita fa? Wa ta gani ana yi wa haka? Iyayen ƙawayenta har a jikin mota suke liƙa sunan yaransu."

Na ce ai ba Baturiya ba ce, a Malumfashi ta tashi har shekara tara.

"Shi ne ma abin," in ji Yemima. Ta ce kuma akwai maganar da ba ta so ta kawo mini amma dole. Yarinyar ta ce idan shekara biyun ta cika ba lallai ta dawo Greensboro ba, tunda ba wanda zai rasa ta sai babanta, shi kuma kullum yana kan hanya.

Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Yemima ta fita ta rufe mini ƙofa da ƙarfi kaɗan. Tsoro nake ji, littafin nan kaɗai zan gaya wa.

Juma'a, 13 ga Maris, 6:30 na yamma

Tun da aka canja agogo ranar Lahadi rana ta ƙi faɗuwa, sai bakwai ta wuce ake shan ruwa. Na gama girki tun biyar, na rasa abin yi, na buɗe ƙaramar jakar. Kayan sanyi ne a ciki, da mayafi mai ruwan toka na Hajiya, uwar mijina, wanda aka aiko wa yarinyar bayan rasuwarta. Garin da za ta yana arewacin ƙasar, ta ce har cikin Afrilu ana sanyi. Ke nan za ta dawo ɗaukar jakar. Ko kuma ta aiko Yemima.

Na saka mata safa guda huɗu da man kaɗanya. Fatarta irin tawa ce, ba ta jure sanyi.

Asabar, 14 ga Maris, 4:45 na yamma

Mun je aikin abincin buɗe-baki a masallaci. Hajiya Bebi, wadda duk matan garin nan muke ɗauka uwa, ta kama hannuna a gaban kowa ta ce na burge ta ranar Lahadi. Ta ce, "Har yanzu da sauran masu alkunya a ƙasar nan. Na yau sai ki ga mace ta rungume ɗan fari a gaban surukai tana sumbata." Mata suka yi dariya. Ni ma na yi, ina yanka albasa.

Ba ta san yarinyar ta bar gida ba. Na gaya mata zancen bikin a fakaice, kamar labarin wata. Ta ce, "A tsaya gaban maza da lasifika a kira sunan 'yar fari? Haba. Ubanta ya yi mana." Na ce sunan uwarsa ne. Ta ce to malamar ta kira kayarta, ai aikinta ne.

Na kama hanyar gida da sauƙi a raina. Sauƙin bai kai ni kwanar gidanmu ba.

Litinin, 16 ga Maris, 6:45 na safe

Saura sha huɗu. Ba ta kira ba. Na saka yaji da kuka a jakar, ban sani ba ko za su bari ta shiga da su.

Talata, 17 ga Maris, 12:40 na rana

Waƙa ta bakwai a faifan ta bambanta da sauran. Ba a ɗauke ta da kyau ba, ana jin tari da jan kujera. Yau na gane dalili. Na juya takardar gayyatar, ashe akwai rubutu a baya. Waƙar 'yan ajinsu ce, su suka tsara ta tare da malamar, ita za su yi ranar bikin. An ce kowa ya fassara wa mutanen gidansu. Ta fassara da Hausa:

Huren bakin ƙofa ya zube,
mun taka shi mun wuce, bai yi fushi ba.
Wanda ya kira ni da safe na tashi, na gode.
Gobe a wani gari zan amsa.

"Hure" ta rubuta, yadda Hajiya ke faɗi. Hausarta ta tsaya a shekara tara, a bakin tsohuwa. Na mai da waƙar baya sau uku ina neman muryarta a cikin muryoyin. Ina ga ita ce mai ɗan jinkiri a ƙarshen layi, amma ban tabbata ba. Uwa ce ni, ban tabbata da muryar 'yata ba.

Wa ya kira ta da safe? Ni dai ƙofa nake ƙwanƙwasawa.

Alhamis, 19 ga Maris, 5:50 na yamma

Gobe sallah. Dalila ta iso daga makarantarta a Charlotte. Ta san komai, tana magana da yayarta kullum, amma ba ta ce mini uffan ba, ni ma ban tambaye ta ba. Na ɗinka musu kaya iri ɗaya tun watan jiya. Na ba ta na yayar ta kai mata.

Juma'a, 20 ga Maris, 2:10 na rana

Ta zo idi. Ta sa kayan.

Bayan an sallame ta nemo ni a wajen ajiye motoci, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda Hajiya ta koya mata. Ta ce, "Mama, ina kwana. Barka da sallah." Ta rame. Ta tsaya a durƙushe tana kallona, ni kuma na san abin da take jira. Ba kowa kusa da mu. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe.

Na ce, "Ke, kina cin abinci kuwa?"

Ta ce tana ci. Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. Daidai nan na hango ƙanwarta can nesa za ta bi ƙawayenta da makullin motata a hannu, sai na ɗaga murya: Dalila, Dalila. Sau biyu, duk filin ya ji. Ko tunani ban yi ba, haka kawai ya fito.

Da na juyo tana murmushi, irin murmushin da ake yi wa baƙo. Ta ce da Turanci, "Kin ga yadda yake da sauƙi." Ta tafi wajen babanta. Ba ta zo cin tuwon sallah ba.

Asabar, 21 ga Maris, 9:30 na safe

Bari in rubuta, tunda na gaji da zagaye shi.

Ranar Lahadin nan mata goma sha biyu ne a falona. Aka sha ruwa, aka yi sallah, ana cin abinci sai Hajiya Bebi ta ce, "Suwaiba, 'yarki ta fitar da mu kunya, ga digiri ga aiki a ƙasar waje." Zuciyata ta cika da daɗi. Sai na yi abin da ake yi. Na kau da kai na ce, "Wace 'yar tawa? Ni Dalila ce tawa. Wannan ta Hajiya ce."

Kowa ya yi dariya, don kowa ya san abin da nake nufi. Tana tsaye da faranti a hannu. Ta ajiye shi a hankali, ta ce da Turanci, ba da ƙarfi ba, "Hajiya ta rasu shekara biyu ke nan. To yanzu ni ta wace ce?"

Wata ta ce a miƙo mata kunu. Baƙi na watsewa ta sauko da jaka.

Tana da shekara biyu muka samu takardar zuwa nan, mu biyu kawai. Na kai ta Malumfashi na ajiye a cinyar Hajiya, na ce na bar mata ita halak malak. Ban yi kuka a gabansu ba, sai da mota ta wuce Funtuwa. Shekara bakwai ina jin muryarta a waya, ita ma in Hajiya ta miƙa mata sai in ce, "Ke, kina jin magana?" Da takardunta suka fito, Hajiya ta rako ta har filin jirgi a Kano, ta ce wa babansu, "Aro na ba ku." Ni kuwa na riƙe ta riƙon aro. Na ciyar, na tufatar, na kai makaranta, ban taɓa cewa tawa ce ba. Gani nake ranar da na kira sunan nan na ƙwace ta daga hannun matar da ta goya ta. Yanzu matar ba ta nan balle in nemi izini.

Lahadi, 22 ga Maris, 4:00 na yamma

Dalila ta koma. Gidan ya yi shiru, sai firji.

Litinin, 23 ga Maris, 4:35 na yamma

A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi, wajen gonar nan da ake kiwon dawaki. Na ɗaga gilashi, na kashe faifan, na ce bari in gwada ni kaɗai. Harshena ya taɓa sama ya tsaya. Iska ce kawai ta fito. Na gwada sau biyar, har wata farar mota ta rage gudu, mai ita ya tambaye ni ko motar ce ta lalace. Na ce a'a, waya nake yi.

Mace mai shekara arba'in da shida, mai kiran suna arba'in a rana. Abin dariya ne in wata ce.

Talata, 24 ga Maris, 6:50 na safe

Ƙurar furen nan mai ruwan ɗorawa ta fara rufe motoci. Atishawa nake yi, idona ya yi ja. A wajen aiki kowa ya ce aleji ne, na bar su a haka. Saura shida. Bikin saura huɗu.

Laraba, 25 ga Maris, 1:15 na rana

Malama Ishida ta kira ni. Muryarta ƙarama, tana ba da haƙuri kafin kowace magana. Ta ce tana so ta tabbatar zan zo, don ta tsara kujeru. Na ce idan aiki ya tsare ni ai ita za ta iya kira. Ta ce ta yi wa yarinyar wannan tayin tun makon jiya. Yarinyar ta ce a'a. Ta ce idan mahaifiyarta ba ta tashi ba, kada kowa ya kira, a tsallake ta a tafi kan waƙa.

Malamar ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta taɓa tsallake ɗalibi ba. Ta ce a makarantarsu tana yarinya, ko wanda ba shi da lafiya bai zo ba sai an kira sunansa, a ɗan jira, sannan a wuce. Ba ta tambaye ni dalili ba. Da ta tambaya ma da na ji sauƙi, da na samu abin yin gardama.

Alhamis, 26 ga Maris, 6:00 na yamma

Babansu yana gida har Litinin. Na same shi yana wanke mota, na tsaya kamar mai duba shuka. Na ce masa idan mutum ya ji sunan mahaifiyarsa a bakin matarsa, a gaban jama'a, yaya zai ji? Ya ci gaba da goge gilashi. Can ya ce, "Ban sani ba, ban taɓa ji ba."

Na ce to.

Ya ce, "Hajiya ba ta nan da za ki tambaye ta, ni kuma ba zan ce miki ga abin da za ta ce ba. Amma in kin tashi, ni zan kalli ƙasa ne kawai." Ya matse tsumman, ya ƙara da cewa Mamansa ta gayyaci Hajiya Bebi ma, kuma ta ce za ta zo.

Yarinyar nan ba ta bar mini ko ƙofar baya ba. Halin wa ta ɗauko? Nawa.

Juma'a, 27 ga Maris, 3:30 na yamma

Na goge kaya kala uku. Na yi addu'a Allah Ya kawo ruwan sama mai rufe hanya, sannan na yi istigfari.

Asabar, 28 ga Maris, 11:20 na safe

Na haɗa shayi, ya huce a kan tebur.

Asabar, 6:15 na yamma

Ƙaramin ɗaki ne a jami'ar, kujeru kamar sittin. An saka rassan fure fari da ruwan hoda a cikin kwalabe, ga piyano a gefe. 'Yan ajin suna tsaye a baya, masu tafiya ukun suna zaune a gaba sun ba mu baya. Ta yafa mayafin Hajiya. Ashe ta zo gidan jiya ina wajen aiki ta ɗauka, ta bar jakar. Yemima tana hagu da ni, babansu a dama, Dalila tana riƙe da waya za ta ɗauki bidiyo. Hajiya Bebi tana layin bayanmu, ina jin ƙarar carbinta.

Wani Bature ya tashi ya kira ɗansa, yaron ya miƙe ya amsa da kalmar tasu, "hai", gajeriya kamar an tsinke zare. Wata tsohuwa baƙar fata ta kira jikarta, ita ma ta miƙe ta amsa. Sai malamar ta dube ni ta ɗan sunkuyar da kai.

Ban san yadda na isa gaban lasifikar ba. Na dai tuna takalmina yana ƙara. Na kalli bayan kanta, na kalli mayafin, na ce a raina, Hajiya, ki yafe mini, na zo karɓa. Babansu ya sunkuya kamar yadda ya yi alkawari.

Na kira. Muryar ta fito ƙarama, amma ta fito, lasifika ta kai ta ko'ina.

Ba ta motsa ba.

Carbin ma ya tsaya. Na ce shi ke nan, na makara, ta rama. Na riƙe ƙarfen lasifikar na sake kira, da ƙarfi wannan karon. Kafaɗarta ta girgiza, amma ba ta tashi ba. Malamar ta ɗaga hannu za ta ce wani abu, sai ta fasa.

Na uku ban san daga ina ya fito ba. Na ja ƙarshensa, yadda ake kiran yaro daga tsakar gida in yana wasa a waje magariba ta yi. Ta miƙe. Ba ta amsa da kalmar da suka yi wata biyu suna koyo ba. Ta juyo gaba ɗaya ta ce, "Na'am, Mama."

Piyano ya fara. Waƙa ta bakwai ce. Na koma kujerata ina jin huren bakin ƙofa da Japananci, kuma yanzu na tabbata, ita ce mai jinkirin nan a ƙarshen layi. Yemima ta miƙo mini tishu, ta ce alejin nan bana ya yi tsanani. A bakin ƙofa Hajiya Bebi ta dube ni ta ce, "Zamani." Ban san yabo ne ko zargi ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Tana sama yanzu, tana fitar da rabin abin da na cusa a jakar. Ta ce daddawa ba za ta shiga Japan ba. Ta bar yajin.

Litinin, 30 ga Maris, 10:05 na safe

Ina cikin mota a filin jirgi. Babansu ya tafi neman shayi, na san ba shayin yake nema ba.

Ba mu yi maganar shekara biyun ba, ban tambaye ta ko za ta dawo ba. Har yanzu ina tsoro. Amma a bakin layin bincike na kasa haƙuri, na ce mata ranar Asabar ba ta ji ni ba ne tun farko, ta bar ni a tsaye a gaban mutane?

Ta gyara jakar a kafaɗa. Da Hausa ta amsa, Hausar Malumfashi. Ta ce, "Na ji tun na hwarko. So nike in ƙara ji."

Ta shiga layi. Na bari sai da ta kusa ɓacewa a bayan gilashin, na kira ta, ba lasifika, mutane suna ta juyowa. Ta ɗaga hannu.

Rahina. Awa goma sha uku ke tsakaninmu da can, idan nan magariba ta yi can gari ya waye. Na sa agogo a waya. Zan kira ta da safe ta tashi.